Motar da Wilf Ya Wargaza

Shekara arba'in da tara na yi ina buga bodin motocin mutane a wani gareji a Keighley, ban taɓa mallakar wadda raina ke so ba. Ranar da na ajiye aiki aka ba ni agogon bango da kati mai sa hannun kowa, na dawo gida na zauna. Sati uku ina bin matata Glenys daga kicin zuwa falo, daga falo zuwa wurin shanya, har ranar da ta juyo da ludayi a hannu.

"Clive, ka tashi ka nemo motar nan da ka ishe ni da zancenta tun muna saurayi da budurwa. In ka ƙara kwana bakwai a bayana, ɗayanmu a asibiti zai kwana, kuma ba ni ba ce."

Triumph ce, TR4, ta farkon shekarun sittin. Kujera biyu, rufin tamfol, dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa har in kana zaune a ciki sai ka miƙa hannu ka taɓa kwalta. Ina yaron shago na fara ganinta, wani likita ya kawo tasa a miƙe masa ƙofa, maigidana bai bar ni na taɓa ta ba sai da tsumman gogewa. Ba wadda wani ya gama gyarawa nake nema ba. Wadda ta kwanta nake so, amma da sauran rai, in tashe ta da hannuna.

Wata goma sha huɗu muka yi muna yawo, ni da Glenys da fulas ɗin shayi da burodi da cuku. A aljihuna kullum akwai tocila da sukurudireba da ɗan maganaɗisu. A Lincolnshire wani manomi ya kore kaji daga kan kujerun tasa yana ce min tsatsar kaɗan ce. Na soka sukurudireba a ƙasan ƙofa, ta shige har mariƙi.

"Gaskiyarka," na ce masa. "Kaɗan ce ta rage ba ta ci ba."

A Essex muka sami wata ja, tana sheƙi kamar an lashe ta. Mai ita sai murmushi yake yana kirana aboki. Na ɗora maganaɗisu a gefenta, ya zame ya faɗi a kan takalminsa, don babu ƙarfe a wurin, ƙullun ciko ne aka lafta aka bi da fenti. Na zura hannu ta bayan taya na zaro tsohuwar jarida da aka cusa a rami. Glenys ta karɓa ta warware, ta karanta masa sakamakon ƙwallon da ke jiki. Bai raka mu ba.

Mota goma sha ɗaya na gani. Daga baya na daina buɗe shafukan talla, na koma gyara ƙyauren lambu da ba abin da ya same shi.

Glenys ce ta samo ta, ba ni ba. Cikin Oktoba muka hau kwarin Swaledale don ta sayi zaren saƙa, ruwa ya tsare mu a ƙofar wani kanti a ƙauye. Tana karanta katunan da aka manna a gilashi don ta kashe lokaci, sai ta ja hannun rigata. Katin da biro aka rubuta shi, rubutun tsofaffi mai jirkicewa: Tsohuwar Triumph, a wargaje. Duk kayanta suna nan. Sai mai haƙuri. E. Sunter, Gonar Hagg End.

Ƙofa uku ce a kan hanyar gonar, kowacce sai Glenys ta fita cikin ruwa ta buɗe ta rufe, tana faɗin abin da za ta yi min in wannan ma kaji ne a ciki. Gidan na dutse ne, ya ba tudu baya, babu wani gida a kusa in ban da tumaki. Tsohuwar da ta buɗe mana 'yar ƙarama ce, tana dogara sanda, idanunta tas. Edna Sunter ke nan, shekararta tamanin da huɗu. Na fara zancen mota, ta ɗaga hannu.

"Shayi tukuna, Mista Tordoff. Motar ta jira shekara talatin da biyar, ba za ta gudu yau ba."

Ta yanka mana kek da cuku a kai. Kwalaye ne jibge a falon, don za ta bar gonar kafin sanyi ta koma gidan kula da tsofaffi a Richmond. Mijinta Wilf ya rasu shekara biyu da suka wuce. Motar kuwa ta ɗansu ce, Neville, shi kaɗai suka haifa. Ya saye ta hannu na uku yana ɗan ashirin da ɗaya, da abin da ya tara a aikin gina katanga.

"Yana ina yanzu?" in ji Glenys.

"Yana bayan coci, kusa da ubansa." Edna ta gyara zaman kofinta a kan faranti. "Sanyin saba'in da tara. Akwai yarinyar da zai aura a ƙauyen da ke bayan tudun nan, Janice. Suka yi faɗa irin na yara, ta aiko masa da zobensa a ambulan. Ranar da wasiƙar ta zo, ranar dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ya ce sai ya je ya gan ta. Motar ta ƙi tashi, sai ya tafi da ƙafa. Mil shida ne ta kan tudu, hanyar da ya sani tun yana ɗan firamare. Bayan kwana uku aka same shi a gindin katanga."

Ta miƙe ta ɗauko makulli a bayan ƙofa.

Da ta tura ƙyauren sito, iska ta riga mu shiga, sai na ga ɗakin gaba ɗaya ya motsa. Na ja da baya. Takardu ne, irin masu ruwan ƙasa da ake ɗaura wa kaya da zare, ɗaruruwa, kowacce a jikin wani ƙarfe ko kwalba ko gwangwani, duk suna kaɗawa lokaci ɗaya suna wata 'yar ƙara kamar mutane na raɗa. Firam ɗin motar yana kan katako a tsakiya, baƙi ƙirin, ba ɗigon tsatsa. Bodin kuma, kore mai duhu, an rataye shi da igiya a jikin azara kamar bijimin da aka feɗe. Kantoci tun daga ƙasa har rufi, kwalaben jam cike da noti, gwangwanayen biskit, injin a lulluɓe da bargo. A gaban firam ɗin akwai kujerar katako ɗaya da matashin da zama ya lotsa.

Na fito da maganaɗisu don sabo, na mayar da shi aljihu. Kunya ce ta kama ni.

"Da bazarar shekarar Wilf ya fara kwance ta," in ji Edna daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba. "Ya ce zai gyara ta. Kullum in ya gama da tumaki nan yake zuwa."

"Misis Sunter, ai wannan a gyare take. Mai hannu irin na mijinki, sanyi ɗaya ya ishe shi ya haɗa ta."

"Sau uku ya haɗa ta, har ta tsaya a kan tayoyinta. Sai in wayi gari in ji ƙarar sifana, yana kwancewa."

Ba mu daɗe a kan ciniki ba. Sharaɗinta ɗaya ne, in kwashe komai, kada in bar mata ko zare. Sawu huɗu na yi da motar ɗaukar kaya. A sawun ƙarshe ina neman abin da zan naɗe gilashin gaba da shi, ta shiga gida ta fito da wani tsohon kwat mai kauri, gwiwar hannunsa duk faci.

"Na Wilf ne. Naɗe da shi, ɗan nan, ya fi bargo."

Ina da shekara sittin da shida a lokacin, amma tun daga ranar ɗan nan take kirana.

Da farko takardun taimako ne kawai. Fensir ya yi amfani da shi, rubutu ƙanana a tsaye. Birki, gaba, hagu. An wanke da kananzir. Afrilu 1979. Ban taɓa aiki bayan mutum mai tsari irinsa ba. In na ɗauki kwalba na san inda kowane noti zai shiga. Har yaba shi nake a raina, ina cewa da a garejinmu yake da ba a bar shi ya yi ritaya ba.

Sai na ci karo da wata a jikin ƙarfen sitiyari. Neville ya ɗaure wannan fiye da kima. Sau nawa zan gaya masa. Na yi dariya, don na san irin yaran. Bayan kwana biyu na buɗe wani gwangwani ina tsammanin wayoyi ne, na tarar da takardun alawa, an miƙe su an jera. Takardar da ke jikin murfin ta ce: Ka bar su a ƙarƙashin kujera, guda tara. Ban yar ba.

Daga nan rubutun ya daina magana a kan Neville, ya koma magana da shi. Ba a jere nake samunsu ba, sai yadda aiki ya kai ni, yau in karanta ta tamanin da biyu, gobe ta dubu biyu da shida. Na gyara maka murfin akwatin nan da ke ƙara. A jikin fitilun gaba: Yau da ka cika talatin. Na goge su. Wata kuma a jikin ƙusa kawai aka ɗaura ta, ƙusar da ba ta motar ba ce ma: An yi dusar ƙanƙara. Ban taɓa komai ba yau. Irin wannan na ƙirga har goma sha bakwai, sannan na daina ƙirgawa.

Kowane gwangwani na buɗe sai warin tabar lofe ya taso. Ni ban taɓa shan taba ba, amma garejina ya koma warin mutumin da ban taɓa gani ba. Ƙusoshin da ke riƙe bodi da firam kuwa, haƙoransu har sheƙi suke don yawan ɗaurawa da kwancewa. In na sa sifana a kansu sai su tafi salin-alin, kamar sun san hanya, ta shiga da ta fita.

Akwai kuma maganar kujera. Ni gajere ne, Neville kuwa da alama dogo ne, don Wilf ya yi wa ƙarfen da kujerar direba ke gudu a kai alama da fenti a can ƙarshen baya. Da na ɗaura kujerar na jawo ta gaba daidai ƙafata. Washegari na same ta a baya. Na duba maƙallin, ya ɗan ci, ƙasan garejina kuma yana da gangara. Na sa sabon maƙalli. Ta daina komawa. Amma duk safiya in na buɗe ƙofa, kafin in kunna fitila, wurin nake fara kallo.

Wata ranar Talata da hantsi ina ɗaura kafireto, ya zauna daram, sai na ji bakina ya ce, "Ka gani ko, Neville? Ba sai an yi da ƙarfi ba."

"Da wa kake magana?"

Glenys ce a bakin ƙofa da kofin shayi. Na ce da kaina nake. Ta ajiye kofin a kan benci, ta dubi takardun da na tara a kwali, ta daɗe tana karanta ta sama.

"Wannan ta yaushe ce?"

"Dubu biyu da sha ɗaya. Ita ce ta ƙarshe da na gani."

Rubutun ya karkace, fensirin ya huda takardar a wuri biyu. Hannuna ya daina riƙe sifana. Ka yi haƙuri.

"Clive," ta ce, "na aike ka neman mota, ka kwaso min mutum biyu. Ka fito ka ci abinci a tebur yau, kamar mai rai."

Shekara ɗaya da rabi aikin ya ci. Abu ɗaya ne kacal na nema na rasa a cikin kayan, wani ɗan baƙin abu da muke kira rota, bai fi babban yatsa ba, shi ke raba wa fulogai wuta. In babu shi, ko kwana za ka yi kana murza makulli mota ba za ta tashi ba. Ban damu ba, abu ne da ake samu ko'ina. Na sayo sabo na sa, injin ya tashi a bugu na uku, maƙwabcina ya leƙo ta kan katanga yana tafi.

Gilashin gaba na bari ƙarshe, sai bayan fenti. Wata Asabar da safe a Afrilu na warware kwat ɗin Wilf daga jikinsa, na jefa shi kan benci, sai na ji wani abu ya bugi katako. Gwangwanin taba ne a aljihun ciki. A cikinsa ga rota. Gefensa ɗaya ya yi sumul, ya ɗan lotsa, irin yadda abu ke yi in an shekara da shekaru ana murza shi da yatsa. A ƙarƙashinsa takarda ce a ninke, ta yi laushi kamar tsumma.

Ni na cire. Sha shida ga Fabrairu, ƙarfe biyu da rabi na rana. Ka buɗe bonet, ka dube ni, ka ce Baba ina yake. Na ce ban sani ba. Ka san ƙarya nake. Ni na cire. Ni kaɗai.

Na zauna a kan jarkar mai. Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai da Glenys ta zo kirana cin abinci. Na miƙa mata. Ta karanta, ta ninke yadda take, ta mayar.

"Allah Sarki," ta ce. "Tsare shi ya so yi."

"Edna ta ce mana motar ce ta ƙi tashi. Shekara talatin da uku yana ɓoye mata. Na yi mata alkawarin zan kai mata motar ta gani, yanzu da wane ido zan dube ta?"

"Da wanda kake da shi. Ka kai mata mota, bakinka kuma ka bar shi a gida." Ta kai ƙofa, sai ta tsaya. "Wa ya ba ka kwat ɗin?"

"Ita."

"To," in ji Glenys, ta wuce.

Ranar da na tafi Richmond rana ta fito sosai, na sauke rufin. Na sa gwangwanin a aljihu ba tare da na yanke abin da zan yi da shi ba. Edna ta ƙara ƙanƙancewa, yanzu da keken turawa take tafiya. Ta fito har tsakar gidan, ta zagaya motar sau ɗaya a hankali, ba ta taɓa ta ba.

"Koren ya yi," ta ce. "To me muke jira?"

Sai da ma'aikata biyu suka taimaka kafin ta zauna, don kujerar kusan a ƙasa take. Tana ta yi musu tsiya, wai su lura kada su karya ta, ba a sayar da kayanta a kasuwa kamar na motar. Ta ɗaura ɗankwali a haɓa, ta ce in bi kwarin, hanyar tsohuwar gonarsu.

Muka iso ƙofar farko ta Hagg End. Wasu baƙi ne suka sayi gonar, an sa sabon allo. Ta ce in tsaya a nan in kashe injin. Sai kukan 'yan raguna kawai ake ji.

"Ka duba aljihun kwat ɗin?"

Na fito da gwangwanin na ɗora mata a cinya. Ba ta buɗe ba.

"Ranar da ya rasu na gan shi, ina kwashe kayansa. Na karanta sau ɗaya." Ta dubi gidan a can sama. "Ni kaɗai, in ji shi. Maƙaryaci. Ina tsaye a tagar kicin ina kallon sama ta yi baƙi, yaron yana ɗaki yana neman safar hannu. Na ce, Wilf, ka yi wani abu, kada yaron nan ya fita da motar nan. Ya ajiye kofinsa ya fita. Minti biyu ya dawo ya zauna. Ni na aike shi, ɗan nan."

Ta juya gwangwanin a cinyarta, ta ci gaba.

"Da Neville ya fito zai tafi da ƙafa, na ɗauka iyakarsa ƙofa ta biyu, sanyi zai koro shi. Har miya na ɗora masa. Shekara talatin da uku Wilf bai taɓa ce min ke kika ce ba, ko a cikin faɗa. Ni ma ban taɓa ce masa ni ce ba. Ina kicin, yana sito, tsakaninmu taku ashirin. Kullum sai in ce gobe zan bi shi da shayi in faɗa."

"Da ya fita da motar ma, Misis Sunter, a irin ranar nan..."

"Na sani. Wataƙila da a rami za a same shi. Na yi wannan tunanin ta kowace fuska, ba sai ka taya ni ba." Ta turo min gwangwanin. "Zai yi aiki?"

Na fita na ɗaga bonet. Na buɗe murfin da rota ke zama a ƙarƙashinsa. Na cire sabon, na sa tsohon. Da na murza makulli ta tashi a bugu ɗaya. Edna ta rufe ido ta saurara, sannan ta nuna hanyar da ta hau tudu, ta dubi agogon hannunta.

Hanya ce siririya, tana bin gefen katanga, ba bishiya, ba gida, sai ciyawa da sama. Iska na dukanmu ta ko'ina. Ban wuce giya ta uku ba. A wani wuri bayan mun fara gangara ta juya kai ta bi wata kusurwar katanga da kallo har muka wuce, ba ta ce in tsaya ba, ni ma ban tambaya ba. Da rufin gidajen ƙauyen suka bayyana ta sake duba agogo.

"Minti goma sha takwas," ta ce.

Na ɗauka za mu juya. Sai ta ce in haye gada, gida na uku bayan coci, mai shuɗiyar ƙofa.

"Janice ke nan. Ta yi aure, ta haifi uku, mijin ya rasu bara. Tun ranar jana'izar Neville ban yi mata magana ba. In na hango ta a kasuwar Leyburn sai in tsallaka titi. Na bar ta ta ɗauka laifinta ne, don ya fi min sauƙi."

Ban kai ga tsayawa ba ƙofar ta buɗe. Wata mata mai furfura ta fito da tsumman goge kwano a hannu, ba takalmi, fuskarta ta yi fari fat. Ta tsaya a kan matakala tana kallon motar, ba mu take kallo ba, kujerar direba take kallo. Da ta ga ni ne, wani tsoho mai sanƙo, sai kafaɗunta suka sauka. Sannan ta ga wadda ke gefena.

"Misis Sunter?"

"Ni ce, Janice. Zo ki ciro ni daga cikin abin nan, ina da magana da ke. Kai kuma ɗan nan, ka jira a nan."

Mu biyu muka ɗago ta. Suka shiga, aka rufe ƙofa. Na zauna a mota fiye da awa ɗaya, injin yana 'yan ƙararrakinsa na hucewa. Wani kare ya zo ya shinshina taya ya tafi. Sau ɗaya na ji kamar an ɗaga murya a ciki, sai kuma shiru.

Da suka fito Janice ce ke riƙe da hannunta, idanunsu duka sun yi ja. Bayan mun zaunar da Edna, Janice ta tsaya a gefena tana murza tsumman, har lokacin yana hannunta.

"Tun daga gada na ji ta," ta ce. "Na saki faranti a ƙasa. Amma taka ta fi laushi. Ta Neville salansarta a fashe take, babana har zagi yake in ya ji ta tafe."

"In kina so in zaga da ke..."

"A'a," ta ce da sauri. "A'a, na gode. Sannu da aiki dai."

A hanyar komawa na bi ta ƙasan kwari, ban sake hawa tudun ba. Edna ba ta gaya min abin da suka ce wa juna ba. Abin da kawai ta faɗa, muna dab da Richmond, shi ne shayin Janice ba shi da ƙarfi, ruwa ne zalla, kuma ya kamata wani ya gaya mata. Bayan haka barci ya ɗauke ta, kanta a jingine da ƙofa, na rage gudu.

Daga baya ma'aikatan gidan suka gaya min duk Alhamis Janice na zuwa a bas, ta zauna da ita har yamma. Wani lokaci hira suke, wani lokaci talabijin kawai suke kallo. Cikin Janairu Edna ta rasu, ciwon ƙirji na kwana biyar.

Mu goma sha ɗaya ne a cocin. Bencin gaba na dangi ne, ba kowa a kai sai wata 'yar ɗan'uwan Wilf da ta zo daga Darlington. Janice ta shigo a makare ta zauna a baya kusa da mu. Matar ta juyo ta gan ta, ta taso ta kama hannunta ta kai ta gaba. Da aka gama muka sha shayi a tsaye a zauren ƙauye, muka kama hanya kafin duhu. Glenys ce ta tuƙa, a motarmu ta kullum, ana ruwa. Sai da muka wuce Skipton ta tambaye ni ko ina jin yunwa, na ce eh.